Hukuncin Karatun Kiɗa Da Waƙa A Jami'a

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya yi wa ɗan Adam baiwar ji da gani, kuma zai tambaye shi abin da ya aikata da su. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu ɗan jingine darasinmu na babin ciniki, saboda wata wasiƙa da wani dattijo ya aiko wa wannan fili, wadda muka ga bai kamata ta kwana biyu ba a amsa ba. Ɗansa yana shekara ta biyu a karatun injiniya a wata jami'a ta ƙasar Amurka. Kwanan baya yaron ya bugo waya ya ce yana so ya haɗa da ilmin kiɗa a matsayin ƙaramin fanni, har ma ya ce in abin ya karɓe shi, mai yiwuwa ya mai da shi babban fanninsa. Dattijon ya ce tun daga ranar barci ya ƙaurace wa idonsa, don kuwa gonar gado ya sayar ya tura yaron karatu, ba don ya komo masa maroƙi ba. Yana tambaya, shin wannan karatu ya halatta? In yaron ya ƙi jin magana, ya yanke masa kuɗin makaranta? Sannan wani maƙwabcinsa ya gaya masa duk wanda ya halatta kiɗa ya bar Musulunci, shin haka abin yake?

Alhaji, Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya kafin ka zartar. Tun muna ƙanana muka karanta a farkon Ahalari cewa baligi ba ya shiga wani aiki sai ya san hukuncin Allah a kansa, in bai sani ba ya tambayi malamai. Su kuwa malaman Usulu sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san kamanninsa. Saboda haka bari mu fara sanin abin da ake koyarwa a wannan fanni tukuna.

A jami'o'in Amurka, digirin farko na shekara huɗu yana ɗaukar awon darasi kamar 120, abin da ɗalibai ke kira kiredit. Babban fanni shi ne wanda ɗalibi ya ba mafi yawan lokacinsa, shi ne kuma sana'ar da za a san shi da ita. Ƙaramin fanni kuwa ɗan ƙari ne, galibi awo 18 zuwa 24, watau darussa shida zuwa takwas. Wanda ya ɗauki cikakken digirin kiɗa, kusan kashi biyu cikin uku na karatunsa kiɗan ne, kuma ba a ɗaukarsa sai ya kaɗa ko ya rera a gaban malamai sun gwada shi. Daga nan zai riƙa zama da malami guda kowane mako a kan abin kiɗan da ya zaɓa, ya shiga ƙungiyar makaɗa ko ta mawaƙa ta makaranta, ya koyi fiyano ko yana so ko ba ya so, ya yi sa'o'i kullum yana maimaici, a ƙarshe ya yi wasa a gaban jama'a kafin a ba shi shaida. Ban da wannan akwai darussan da ake yi da littafi da alƙalami: ƙa'idojin sauti da yadda ake rubuta shi, da horar da kunne, da tarihin kiɗa, da nazarin kiɗan al'ummomi daban-daban. Mu ma nan gida abin ba baƙo ba ne, gama Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961.

To, ka ga ashe abu biyu ne aka ɗaure da igiya ɗaya. Akwai sanin kiɗa, akwai yin kiɗa, kuma kowanne da hukuncinsa.

Mu fara da yin kiɗan. Malaman da suka hana sun kafa hujja da aya ta 6 a Suratu Luƙman, wadda ta zargi mai sayen maganar wargi don ya ɓatar da mutane daga hanyar Allah. Abdullahi ɗan Mas'udu, Allah ya yarda da shi, ya rantse cewa waƙa ake nufi. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce hadisin da Buhari ya kawo daga Abu Amir ko Abu Malik Al'ash'ari, inda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ba da labarin wasu mutane daga al'ummarsa da za su halatta zina da alharini da giya da kayan kiɗa. Ibnu Hazmi na Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 456 bayan Hijira, ya ce isnadin wannan hadisi yankakke ne tsakanin Buhari da Hishamu ɗan Ammar. Amma Ibnus Salah da Ibnu Hajar sun mayar masa da martani, suka nuna Hishamu malamin Buhari ne, kuma hadisin ya zo a sadar ta wasu hanyoyi. A nan gaskiya tana tare da su, hadisin ingantacce ne. Abin da ya rage na saɓani shi ne fahimtarsa: kayan kiɗan ne haramun su kaɗai, ko kuwa zaman da ya tara su da giya da alfasha aka zarga?

A ɗaya gefen kuma akwai hadisai ingantattu. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ba da labarin 'yan mata biyu da ke rera waƙoƙin yaƙin Bu'asu a ɗakinta ranar Idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata musu, Annabi ya ce ya ƙyale su, ranar farin ciki ce. Akwai Anjashata mai yi wa raƙuma waƙa a kan tafiya. Akwai kuma labarin auren Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu, wanda nake so mai karatu ya riƙe shi da kyau. 'Yan mata suna buga bandiri suna ambaton iyayen da suka yi shahada a Badar, Annabi yana zaune bai hana ba. Da ɗayarsu ta sako baitin da ke jingina masa sanin abin da zai faru gobe, nan take ya dakatar da ita, ya ce ta bar wannan ta koma kan abin da take faɗa da farko. Bandirin bai tsayar ba, kalmar ya tsayar.

Mazhabarmu ta Malikiyya, wadda a kanta aka yi tarbiyyar ƙasar nan, ta karkata ga tsanantawa. A cikin Mudawwana an tambayi Ibnul Ƙasim ko Imamu Malik yana ƙin waƙa, ya amsa da cewa mutumin da ya ƙi a karanta Alƙur'ani da karin waƙa, ina zai so waƙar kanta. Mai Risala, Ibnu Abi Zaid, ya hana mutum ya saurari kayan wargi da waƙa da gangan. Shaihu Halil a babin walima ya halatta bandiri ko da ga namiji ne, ya kawo zance uku game da babbar ganga da wani nau'in bandiri, ya kuma ruwaito cewa Ibnu Kinana ya halatta sarewa da ƙaho, wanda masu sharhi suka ƙayyade da kaɗan, wanda ba ya shagaltarwa. A babin ijara kuwa ya sanya hayar bandiri da kayan kiɗa don biki cikin makaruhai. Kayan tsirkiya, irin su molo da garaya da goge da jita, mashahurin zance a mazhaba shi ne haramci. Haka abin yake a wurin mafi yawan malaman sauran mazhabobi uku.

Duk da haka ba a rufe ƙofar saɓani ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505, ya ware littafi guda a cikin Ihya'u kan sauraro. A wurinsa sauti mai daɗi, mai awo, asalinsa halal ne kamar kukan tsuntsu, sai wani abu ya gitta ya haramta shi: ko mai rerawar, ko abin kiɗan, ko kalmomin, ko halin mai sauraron, ko kuma yawaitawa har abin ya zama ɗabi'a. Shi ma ya hana kayan tsirkiya da wasu na busa, amma ya faɗi dalilinsa, watau a zamaninsa su ne alamar mashaya giya, jinsu yana tuna wa mutum zaman mashaya. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba. Kowa ya san inda goge da garaya suka fi zama a ƙasar Hausa, ya kuma san tambari da kakaki ba can suke ba. Shaukani, wanda ya rasu a 1250, ya rubuta risala musamman don rushe da'awar cewa an yi ijma'i a kan haramcin sauraro baki ɗaya. A zamanin nan Shaihu Mahmud Shaltut, wanda ya shugabanci Azhar daga 1958 zuwa 1963, ya yi fatawar halaccin koyon kiɗa matuƙar bai haɗu da haram ba, bai kuma shagaltar daga wajibi ba, Shaihu Yusuf Ƙardawi ma ya bi wannan hanya. Shaihu Bin Baz da Shaihu Albani kuwa sun tsaya a kan haramci.

Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, ya taɓo wannan mas'ala fiye da sau ɗaya. A Kitabul Farƙi ya ƙidaya shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana ba da wata manufa ta shari'a ba cikin halayen mulkin zalunci, ya keɓe bugun tambari don tara runduna da makamancin haka. Daga baya, a Najmul Ikhwan, wanda ya rubuta a 1812, ya shimfiɗa maganganun malamai na hani da na sauƙi game da kayan kiɗa, ya ja kunnen almajirai kada su yi gaggawar inkari a abin da malamai suka saɓa. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu ya fi shi tsanani a nan, amma ba wanda ya fitar da ɗan'uwansa daga addini.

Wannan ya amsa tambayarka ta uku, Alhaji. Wanda ake kafirtawa da halatta haram shi ne wanda ya halatta abin da aka yi ijma'i a kansa, wanda kowane Musulmi ya san haramcinsa ba sai an gaya masa ba, kamar zina da giya. Kiɗa ba ya cikin wannan sahu. In maganar maƙwabcinka ta tabbata, to, sai mu fara da Ibnu Hazmi da Shaltut kafin mu iso kan ɗanka, wannan kuwa ba mai hankalin da zai faɗa. Ka gaya masa ya ji tsoron Allah ya kame bakinsa.

Yanzu sai sanin kiɗa. Gazali ya faɗa a Littafin Ilmi cewa ba a zargin ilmi don zatinsa, sai don ɗayan abu uku: ya cutar da wasu kamar sihiri, ko ya cutar da mai shi, ko ya zama ɓata lokaci a abin da ba shi da amfani. In muka auna darussan littafi da alƙalami da wannan ma'auni, za mu ga mafi yawansu lissafi ne da tarihi. Tsirkiya in ka danne ta a tsakiya, karkarwarta ta ninka, sautin ya hau sama daidai ninki guda. In ka bar kashi biyu cikin uku nata, wani sauti ne dabam mai dacewa da na farkon. Wannan shi ne tushen ilmin, kuma ɗalibin injiniya yana cin karo da shi a darasin igiyar sauti ko bai taka sashen kiɗa ba. Shi ya sa Ibnu Haldun, wanda alƙalin Malikiyya ne a Misira, ya lissafa shi cikin ilmukan lissafi huɗu, tare da hisabi da handasa da ilmin falaki. Alkindi ya yi rubutu a kansa, Farabi wanda ya rasu a 339 ya bar babban littafi sukutum, Ibnu Sina ya ware masa sashe a cikin Shifa'u, Safiyyuddin Urmawi ya raba tsanin sauti gida 17. Ba na kawo waɗannan don su zama hujjar shari'a ba, don masana falsafa ne, ba a ɗaukar fiƙihu daga gare su. Na kawo su ne don a san wannan ilmi ya daɗe a hannun Musulmi.

Har ila yau, nazarin waƙa da makaɗa ya zauna da gindinsa a jami'o'inmu na Arewa, sai dai a ƙarƙashin harshe da adabi. Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero, a kan Mamman Shata ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana rubuta tarihin makaɗa da hanyoyin nazarin waƙar baka. Ba mu ji malamin da ya ce waɗannan bayin Allah sun zama maroƙa ba. Wanda ya zauna ya gano yadda kalangu ke bin hawa da saukar muryar Hausa har ya yi magana, ko ya ƙwato tarihin wata masarauta daga bakin makaɗan fada, ilmi ya yi. Sauraron da zai yi don nazari kuwa, malamai sun bambanta abin da aka nufa don jin daɗi da abin da bukata ta kawo, kuma a kan ɗauki bukata gwargwadonta.

Amma akwai wani rami a kan wannan hanya da yaranmu ba su cika ganinsa ba sai sun faɗa, na kuwa fi jin tsoronsa fiye da jita da fiyano. Kiɗan Turawa na gargajiya a cikin coci ya girma. Sunayen sautukan nan da ake koya wa yara, su re da mi da fa, wani malamin coci ne ɗan Italiya, Gido na Arezo, ya ciro su a ƙarni na 11 daga wata waƙar yabon Annabi Yahaya. Bak, Bajamushen da ya mutu a 1750, wanda duk ɗalibin kiɗa sai ya yi nazarinsa, ma'aikacin coci ne a birnin Laifzig, kuma waƙoƙin ibada kusan 200 ya bari. Karanta tarihin waɗannan da warware ƙa'idojinsu ba laifi, kamar yadda malamanmu suka karanta littattafan wasu addinai. Sai dai ƙungiyoyin mawaƙa na jami'o'in can sukan rera irin waɗannan waƙoƙi, musamman gab da Kirsimeti, kuma a cikinsu akwai kalmomin da ke jingina wa Allah ɗa, da tabbatar da gicciye Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Musulmi ya tsaya cikin sahu ya buɗe baki ya rera wannan don neman maki, babu malami ɗaya da ya halatta, ko mai tsanani ko mai sauƙi. Ku tuna baitin da aka dakatar a gidan Rubayyi'u, alhali yabon Annabi ne yarinyar ta nufa.

Ga abin da nake gani, Allah shi ne mafi sani. Mayar da kaɗe-kaɗe babban fanni, ta yadda yaro zai ba shi ƙuruciyarsa ya kuma ci abinci da shi, ban ba da shawararsa ba. A mashahurin mazhabarmu bai halatta ba in kayan tsirkiya ne ko mafi yawan na busa, kuma ijara a kan amfanin da aka haramta ɓatacciya ce, kuɗinta ba su da tsarki. Ko a wurin masu sauƙaƙawa, sharuɗɗan da suka gindaya suna da wuyar cikawa ga wanda abincinsa ya rataya a kan wasa, domin shi ba ya zaɓen inda za a gayyace shi, kuma da yawa daga wuraren da ake biyan makaɗi a can wuraren shan giya ne. Gazali kansa ya ce halal ɗin wasa in aka lazimce shi ya zama aikin yau da kullum, ya koma abin zargi. Hadisin Tirmizi kuma ya sanar da mu cewa bawa ba zai gusa ba ranar Alƙiyama sai an tambaye shi rayuwarsa, da ilminsa, da dukiyarsa ta ina ya samo ta.

Ƙaramin fanni kuwa, hukuncinsa yana ga abin da ke cikinsa. In darussan ƙa'ida ne da tarihi da kimiyyar sauti da nazarin kiɗan al'ummomi, ban ga abin da zai hana ba, har ma yana iya amfanar injiniya. Mu da masallatanmu ke cike da lasifikar da ke tsage kunne, liman yana huɗuba amsa-kuwwa tana cinye rabin maganarsa, ba mu da bakin raina wanda ya san yadda sauti ke tafiya a cikin gini. In kuwa tsarin ya wajabta koyon abin kiɗa da shiga ƙungiya, kamar yadda yake a jami'o'i da yawa, sai yaro ya je wurin mai ba ɗalibai shawara ya nemi a musanya masa da wani darasi saboda addininsa, ko ya zaɓi bandiri da dangoginsa, waɗanda saɓani a kansu ya fi sauƙi. In an ƙi, ya bar neman sunan ƙaramin fanni a takardar shaida, ya ɗauki darussan da suka halatta ɗai-ɗai cikin darussan zaɓi. Ilmin dai ya samu.

Kai kuma ɗana, in wannan jarida ta iso gare ka, kada ka ɗauki sunayen Ibnu Hazmi da Shaltut ka mai da su sandar dukan mahaifinka. Saɓanin malamai rahama ce ga mai neman gaskiya, amma tsintar rangwame daga kowace mazhaba don biyan bukatar rai malamai sun zarge shi. Bin iyaye wajibi ne, karatun kiɗa kuwa iyakarsa a wurin masu halattawa ya zama halal, ba a barin wajibi don halal. Mutumin da ya sayar da gonar ubansa dominka yana da hakkin a shawarce shi kafin a sauya abin da aka tafi nema.

Game da yanke kuɗi, Alhaji, a fiƙihun Malikiyya ciyar da ɗa namiji yana sauka daga wuyan uba in ɗan ya balaga yana da lafiyar nema, kamar yadda ya zo a Risala. Kuɗin jami'a da kake biya kyautatawa ce, kana da ikon gindaya sharaɗi a kanta, kuma ba a tilasta maka biyan abin da kake ganin haramun ne. Sai dai ka sani, a jami'o'i da yawa na can kuɗin zango ɗaya ne ga cikakken ɗalibi ko ya ƙara darasi ko bai ƙara ba, abin da aka fi cajin kuɗinsa dabam shi ne zaman koyon abin kiɗa da malami. Wannan kana iya ƙin biyansa. Amma ka yanke wa yaro ci da sha da kuɗin ɗaki a ƙasar da ba shi da kowa, wannan gyaran gangar auzinawa ne, don yunwa tana iya kai shi wuraren da kake gudar masa.

Abin da za ka yi shi ne, ka sa ya aiko maka da jerin darussan ƙaramin fannin kamar yadda jami'ar ta buga su, da bayanin kowanne, da sunayen waƙoƙin da ƙungiyar makarantar ta rera a shekarar da ta wuce. Ka sami malami mai tsoron Allah da wani ɗan boko da ya san tsarin, ku zauna ku bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan ku kira yaron a waya ku ji ta bakinsa. In akwai darasin da ya shige muku duhu, ku aiko da bayaninsa wannan fili, za mu duba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma babin ciniki, daga inda muka tsaya a kan sayar da amfanin gona kafin ya nuna. Wallahu a'alamu.